Rajistar lambunan bakin tabki tana cikin na'urar da kuka kulle

Zuwa ga Mai girma Direkta,
Furojen kula da lambunan bakin tabki,
Madarumfa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina yi maka fatan lafiya, kai da iyalinka da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ni ne Issufu Labo, mai kula da na'urori masu ƙwaƙwalwa, waɗanda muke kira ordinater, a biron furoje, wato ofishin wannan shiri. Shekara huɗu ke nan ina wannan aiki, har sunana na yanka ya ɓace a garin nan, kowa Mai Inji yake ce mini.

Ranka ya daɗe, sau biyu ina rubuto maka takarda a rufe, na miƙa wa sakatare hannu da hannu, ban sami amsa ba. Ban ga laifinka sosai ba, don ko ni aka kawo wa irinsu ba zan amsa ba. Duka biyun kewaye-kewaye ne, babu gaskiyar magana a ciki. Wannan ta uku na bar ta a buɗe domin kowa ya karanta, saboda a gaban jama'a na yi ƙarya, a gaban jama'a kuma ya kamata in warware ta.

Ga maganar a taƙaice. Rajistar fegin lambu, wadda ke ɗauke da sunan kowane mai lambu a bakin tabki da iyakar feginsa, ta ɓace daga babbar na'urar biro. Da hannuna ta ɓace. Kwafi guda ya rage a duniya, yana cikin ɗaya daga cikin tsofaffin na'urori uku da ka sa aka kwashe daga gidana aka kulle a magaza, ɗakin ajiyar kayan biro. Mai magaza ya gaya mini ranar Litinin ta sama za a loda su a mota a kai Maradi a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Zan jero yadda aka yi aka zo nan, da abin da yake laifina da abin da ba nawa ba.

Na farko: yadda na'urorin suka je gidana.

Lokacin da furoje ya sami sababbin ordinater huɗu, sai aka tura tsofaffin uku ƙuryar magaza, aka ɗora musu buhunan iri. Beraye suka mayar da su gidan haya. Ni kuma a lokacin an ce mini wata rana za a haɗa sababbin da waya su zama rezo guda, wato babba ɗaya ta riƙe dukan ajiya, sauran su riƙa ɗiba daga cikinta. Mukan ce wa babbar uwa. A makaranta an koya mana wannan a kan allo da alli, ban taɓa yin sa da hannuna ba. Na ji tsoron in koyi aski a kan mutane, sai na yi shawarar in haɗa ɗan ɗakin gwaji a gida, inda in na ɓata abu, tsohon ƙarfe na ɓata.

Na sami tsohon direkta, Alhaji Garba, Allah ya jiƙansa, na gaya masa. Ya yi dariya ya ce: "Ɗauki abinka, ɗana. Mi za mu yi da su? In ka tada su, ladarka."

A nan na yi kuskuren farko. Na san ƙa'idar biro sarai, ko kujera ba ta fita sai da takarda mai sa hannu da hatimi. Amma Alhaji Garba abokin mahaifina ne, tare suka yi karatun allo, shi ya raɗa mini suna. Baba nake ce masa, ko a biro ba na zama in yana tsaye. Yaya zan dubi idonsa bayan ya ce in ɗauka, in ce Baba, rubuta mini? Ai kamar na ce maganarsa ba ta ishe ni ba ne. Takardar tana cikin aljihuna, na riga na buga ta, sa hannu kawai take jira. Na yi godiya na fita da ita yadda na shigo da ita. Bayan damina Allah ya yi masa rasuwa, izinina ya bi shi kabari.

Na biyu: abin da na yi da su.

Ina so ka san wannan, ranka ya daɗe, domin an gaya maka shagon kasuwanci na buɗe da kayan furoje. Ɗakin da matata Zuwaira ke ajiye tukwane da turmi na roƙa ta bar mini. Na kakkaɓe na'urorin, na cire kashin ɓera da tsinke, na ciro abin da ke da rai a wannan na sa wa waccan. Wayar haɗi da kawunanta na sayo a Maradi da kuɗin aljihuna. Ɗaya na mayar uwa, biyu 'ya'ya. Da na ga uku ba su ishe ni ba, sai na raba rumbun ajiyar ɗaya gida biyu, yau in tashe ta a matsayin wannan, gobe a matsayin waccan, na'ura guda tana yi mini aikin biyu.

Wata takwas ina wannan. Nakan zare waya da gangan in ga me zai faru. Nakan kashe kuran, wato wutar lantarki, ana tsakiyar aiki, ko da yake sau da yawa ba sai na wahala ba, masu kuran kan yi mini wannan kyauta. Na goge uwar gaba ɗaya na sake gina ta ya fi sau goma. Zuwaira ta ce ba ta taɓa ganin magini mai rushe gininsa yana murna ba sai ni. Ban taɓa buga wa kowa ko da katin biki a ɗakin nan ba, ban karɓi dalar kowa ba. Duk wata gyara da na yi a biro a watannin nan ba tare da an kira mai gyara daga Maradi ba, a wannan ɗaki na fara koyon ta.

Sai kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Ba a gane tulu yana yoyo sai an zuba masa ruwa. Gwaji da na'ura wayam ba ya nuna komai, ina bukatar ajiya ta gaske mai nauyi. Sai na kwafi rajistar fegi a ƙananan faifan ajiya da muke kira disket, na kawo ta gida na zuba a cikin uwar ɗakin gwajina. Na san haramun ne a dokar aiki. Da hannuna na sa hannu a takardar da ta ce rajista ba ta fita daga biro, wanda ya fitar da ita kuma a bakin aikinsa. Wannan ko Alhaji Garba ban gaya wa ba. Na ce wa kaina kwana biyu ne in goge, kuma ban goge ba.

Na uku: ranar da aka zo gidana.

Ka kama aiki, ka sa aka ƙirga kayan biro, aka ga uku babu. Wannan daidai ne, aikinka ne. Abin da nake kuka da shi shi ne yadda aka yi. Teburina da ƙofar bironka taku goma ne. Da ka kira ni ka tambaya, da na kai ka ɗakin da ƙafata. Maimakon haka, ranar wata Laraba bayan la'asar sai ga motar furoje a ƙofar gidana, da kai da mai magaza da direba da mai gadi. Unguwa ta fito. A ranar kuwa surukina Malam Ilu, mahaifin Zuwaira, ya zo daga garin Sarkin Yamma duba jikarsa da ba ta da lafiya, yana zaune a zaure a kan tabarma. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda zai ji ba, a gabansa aka fito da kaya daga ɗakina ɗaya bayan ɗaya ana rubutawa, kamar an kama ɓarawon awaki.

Na ce maka Alhaji Garba ne ya ba ni. Ka ce ina takarda. Ba ni da ita. Sannan ka tambaye ni da ƙarfi, kowa na ji, ko akwai wani abu na aikin biro a cikin na'urorin. Na dubi maƙwabta, na dubi gefen da Malam Ilu yake, na ce babu. Ka sake tambaya. Na ce wallahi babu.

Ranka ya daɗe, na yi rantsuwa da sunan Allah a kan ƙarya, ina sane. Tun daga ranar ban ƙara tsayawa a sahun gaba a masallaci ba. Ba zan ce kai ka sa ni ba, bakina ne ya faɗa. Amma da a cikin biro ka yi mini tambayar nan, ƙofa a rufe, ina zaton da na faɗi gaskiya na karɓi hukuncina.

Na huɗu: yadda rajista ta ɓace.

Bayan sati uku ka kira ni ka ce baƙi na zuwa daga Yamai duba aiki, kana so su tarar da rezo yana tafiya, kwana biyu ka ba ni. Na roƙi a ba ni aron tsofaffin na'urorin ko a cikin biro ne, in gwada tsarin tukuna, domin na sababbin ya ɗan bambanta da wanda na saba. Ka ce an gama wasan yara, a yi aiki. Na so in ce maka ba a fafe gora ranar tafiya. Amma mutumin da aka fito da kaya daga gidansa sati uku da suka wuce ba shi da bakin yi wa shugabansa gardama. Na ce to.

Kafin in taɓa uwar, na buɗe durowar da nake ajiye disket na rajista, waɗanda nake sabuntawa duk ƙarshen wata. Kwalin yana nan, lakabin da na rubuta yana nan. Na ƙirga su sun cika, na rufe. Ban sa ko ɗaya a na'ura na duba ba. Wannan sakacina ne, kuma ko ɗan koyo ya san ba a yin haka.

Ana cikin shirya rumbun ajiyar uwar, na'ura ta tambaye ni wane sashe za ta share. A ɗakin gwajina sashen ajiya shi ne na biyu, hannuna ya saba. A wannan kuwa an jera su dabam. Na danna kafin idona ya gama karantawa. Da a gida ne, da dariya zan yi in sake. Na zauna ina kallon allon, sannan na tashi na ɗauko disket ɗin ina cewa Alhamdu lillahi da na yi tanadi. Na sa na farko, sai ga rahoton wata uku. Na biyu, wasiƙun gayyata. Haka har na ƙarshe. Da na tambayi sakatare, ta ce disket sun ƙare a biro, an hana sayen sababbi, aka ce ta yi amfani da waɗanda ke durowa. Ita ba ta da laifi, umarni ta bi. Amma babu wanda ya gaya mini, alhali makullin durowar nan biyu ne kawai, ɗaya a hannuna ɗaya a bironka.

Na garzaya magaza neman tsofaffin kaye, littattafan da aka fara rubuta rajistar a ciki da alƙalami. Tun da aka shigar da su na'ura babu wanda ya sake waiwayarsu. Na ɗaga kwalin, gindinsa ya zube. Gara ta gama da su, sai bango da ƙasa.

Baƙi suka zo, suka ga na'urori huɗu suna magana da juna, suka yaba, ka gabatar da ni gare su da sunan gwani. Babu wanda ya ce a buɗe rajista. Na karɓi yabon, na yi murmushi. Sati shida ke nan, duk wanda ya zo neman duba feginsa sai in ce masa na'ura ta yi zafi, ya dawo wani sati.

Na biyar: waɗanda abin zai faɗa wa.

Kai baƙo ne a garin nan, ranka ya daɗe, bari in gaya maka abin da rajistar take nufi. Duk shekara ruwan tabki yakan cika ya shafe iyakoki, turakun da aka kafa su tafi. In ya ja baya sai kowa ya fito neman inda ya tsaya bara. Kafin a yi rajista, duk rani sai an yi shari'a a ƙofar mai gari, mai ƙarfi da mai yawan 'ya'ya maza su matsa, mara kowa ya matsu. Shekara biyu aka yi ana bin bakin ruwa da igiyar awo, ana tara dattawa ana shaida, kafin a gama ta. Da yawa daga cikin dattawan da suka yi shaidar sun riga mu gidan gaskiya. Ni na shigar da sunayen ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na riƙa bugun ƙirji ina gaya wa mutane su kwantar da hankalinsu, inji ba ya mantuwa kuma ba ya karɓar goro.

Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Ladi, mijinta ya rasu ya bar mata fegi guda da take shuka tumatir da zogale, da shi take ci da jikoki. Ƙannen mijin sun daɗe suna cewa fegin nasu ne. Abin da ya tsaya tsakaninta da su layi guda ne a cikin rajista. Sau uku tana zuwa biro a watan nan. Zuwanta na ƙarshe ta kawo mini ɗaurin zogale, ta ce: "Mai Inji, sunana shina nan dai ko? Su wa'ancan sun ce bana sai sun ga takarda." Na ce yana nan, Gwaggo, na'ura ce ta yi zafi. Na karɓi zogalen. Zuwaira ta kwaɗa shi, na kasa kai ko loma ɗaya bakina.

Ruwa ya fara ja. Kwamitin rabon fegi zai zauna nan da Juma'a biyu, kuma abin da zai fara nema ke nan.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na daɗe a kan nawa tudun ina hangen naka, shi ya sa takarduna biyu na farko ba su ce komai ba sai a mayar mini da na'urori don in ci gaba da koyo. Ina fatan in karɓe su a ɓoye, in mayar da rajista a ɓoye, in tsira da aikina da mutuncina duka. Da na ji maganar mota, na gane babu sauran wannan hanya. In na'urar nan ta isa Maradi, kafin sati ya zagayo an farfasa ta, ko ta ƙetare iyaka ta Ɗan Issa, ba mai sake ganinta.

Abu guda ya rage da ya riƙe mini hannu, shi ne Malam Ilu. Tun ranar Larabar nan yake yawo yana kare ni. A kasuwa, a wurin suna, duk inda aka ta da maganar sai ya ce surukinsa ya rantse, kuma shi bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Har ya ɓata da wani amininsa a kan haka. Jiya na hau babur na tafi Sarkin Yamma, na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaya masa komai, kaina a ƙasa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce: "Tashi ka tahi ka hiddo ma mutane sunayensu. In ka gama, ka zo mu yi tamu maganar." Bai miƙo mini hannu ba da zan tafi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ɗaya, a dakatar da lodin na'urorin nan uku. In ma dole a sayar, a ware guda. Ita ce mai lanƙwasa a murfin gefe, na ɗiga mata shuɗin fenti a goshi. Rajistar da ke cikinta ta kai har ƙarshen rabon bara, abin da aka ƙara bayan nan kaɗan ne, kuma masu shi suna raye.

Biyu, kada kowa ya kunna ta don ya gani da idonsa. Ta tsufa, ta sha jijjiga a bayan mota, wataƙila tashi ɗaya ya rage mata. A sauke mata buhunan da aka ɗora, kada a haɗa ta da kuran sai ta bayan abin daidaita wuta, kuma a tanadi disket sababbi a gefe kafin a taɓa ta.

Uku, in ba ka yarda da hannuna ba, kana da hujja. Ka kira mai gyara daga Maradi, ni in tsaya a bakin ƙofa in gaya masa inda ajiyar take. A yi a gaban wakilan kwamiti. In ta fito, a buga ta a takarda kwafi uku, ɗaya a biro, ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin kwamiti, don kada amanar mutane ta sake rataya a yatsan mutum guda.

Huɗu, wanda duk zai gaje ni, a ba shi tsofaffin na'urori da ɗan ɗaki a cikin biro ya riƙa gwaji, a ba shi da takarda mai hatimi ko da bai nema ba. Mai yiwuwa shi ma ɗan gida ne mai jin nauyin manya.

Biyar, maganar hukuncina. Na fitar da rajista, na yi rantsuwar ƙarya, na ɓoye ɓarna sati shida. Doka ta ce kora, ban roƙi a sassauta ba. Makullan biro suna cikin ambulan, zan miƙa su duk sa'ar da ka ce. Sai dai a rubuta a takardar korar abin da na yi na gaskiya. Ni maƙaryaci ne a wannan magana, na yarda, amma ban saci na'ura ba.

Ranar Litinin tun da hantsi zan kasance a ƙofar magaza. Ba zan tare mota ba, ba zan ɗaga wa kowa murya ba. Na riga na aika wa Gwaggo Ladi cewa na'ura ba ta taɓa yin zafi ba, ta ce ita ma za ta zo ta zauna. Makullin magaza yana hannunka.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya kare ka daga irin ranar da mutum zai tsaya gaban surukinsa ya ƙaryata kansa. Allah ya jiƙan Alhaji Garba, kada ya kama shi da sakacina. Ni kuma ina neman gafarar Ubangiji, da ta masu lambun bakin tabki baki ɗaya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Issufu Labo,
mai kula da na'urorin biro, har zuwa ranar da ka yanke.